Tambaya da Amsa: Saita Jita da Canza Tsirkiya

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan tsirkiya suke. Wani ta tsinke masa, wani ta ƙi zama, wani kuma bai san irin wadda zai saya ba. Na zaɓi shida na taƙaita su. Na daɗe ina koyar da jita, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in ga mutum ya jingine ta a wata na farko yana cewa ba shi da baiwa, alhali yatsunsa daidai suke sauka. Jitar ce ba a saita ba. Yana dannawa daidai, amo yana fita a karkace, shi kuma yana ɗora wa hannunsa laifi. Shi ya sa na ba tambayar farko wuri mai yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sati uku ke nan da na sayi jita mai tsirkiyar ƙarfe. Na sauke manhajar saiti a wayata, amma sau biyu ƙaramar tsirkiyar nan ta ƙasa tana tsinkewa ina cikin murɗa kunne. Yanzu har tsoron taɓa kunnuwan nake yi. A ina nake kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, babu makaɗin jitar da bai taɓa tsinka wannan tsirkiyar ba. Ita ce mafi siranta, ita ce kuma ta fi saurin tafiya. Bari mu fara da sunaye, don mu fahimci juna. Tsirkiyoyin shida ne, kuma daga ƙasa ake ƙirga su. Siririyar da ke kusa da cinyarka ita ce ta ɗaya, mai kaurin da ke kusa da ƙirjinka ita ce ta shida. Daga ta shida zuwa ta ɗaya, sunayen sautinsu E, A, D, G, B, E. Ka rubuta wannan a takarda ka manna inda kake gani, har ya zauna maka a ka.

Daga yadda ka ba da labarin, ina zaton ɗaya daga cikin abu biyu ne ya faru. Na farko, kana kaɗa tsirkiya ɗaya, hannunka yana murɗa kunnen wata. Allurar manhajar ba ta motsi, sai ka ƙara murɗawa, ita kuma waccan da kake ja ba ka sani ba tana ta ɗaurewa har ta tsinke. Haka ta faru da ni a jitata ta farko. Ina kaɗa ta biyu, ina murɗa kunnen ta ɗaya, ban farga ba sai jin tas na yi, bakin ƙarfen ya shafo mini bayan hannu. Tun daga ranar na ɗauki wata ɗabi'a da har yau ban bari ba: kafin in taɓa kunne, sai na bi tsirkiyar da ɗan yatsa tun daga wuya har zuwa sandar da aka naɗe ta. Kuma ba na murɗawa sai tsirkiyar tana kan ƙara. Ka kaɗa, ka murɗa kaɗan tana amo, ka saurara. Idan ka murɗa ba ka ji sautin ya motsa ba, ka tsaya nan take, kunnen wata ka kama.

Na biyu, ka wuce wurin ba ka sani ba. Na'urar saiti harafi take nuna maka, kuma haruffan a jere suke tafiya: C, D, E, F, G, A, B, sai a sake komawa C, da wasu a tsakani masu alamar # a gefe. Idan E kake nema ka ga D ko D#, ba ka kai ba, sai ka ƙara ɗaurewa. Idan ka ga F, ka riga ka wuce, sai ka sassauta. Mai koyo da yawa idan ya ga F sai ya ci gaba da ɗaurewa yana jiran E ta bayyana a gaba. To, E ta gaba tana da nisa ƙwarai, siririyar tsirkiya ba za ta kai can ba. Duk lokacin da ka rasa inda kake, ka sassauta sosai har tsirkiyar ta yi laushi, sannan ka fara hawa a hankali kana karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya. Sassautawa ba ta taɓa ɓata komai ba.

Abin da na'urar take aunawa shi ne yawan girgizar tsirkiya a daƙiƙa ɗaya. Ta shida tana girgiza kusan sau 82, ta biyar 110, ta huɗu kusan 147, ta uku 196, ta biyu kusan 247, ta ɗaya kuma kusan 330. Duk waɗannan an ɗora su ne a kan ma'auni guda, wato sautin A mai girgiza 440 a daƙiƙa, wanda aka yi ittifaƙi a kansa a wani taro a Landan a 1939. Na kawo wannan ne don wani dalili: a jikin na'ura ko cikin manhaja za ka ga lamba 440 a wani lungu. Kada ka taɓa ta. Na taɓa samun ɗalibi da yatsansa ya mayar da ita 446 bisa kuskure, shi kaɗai jitarsa lafiya lau take, amma da zarar ya zauna da wasu sai amonsa ya ƙi haɗuwa da nasu, mun ɗauki lokaci kafin mu gano.

Sai kuma wata ƙa'ida da nake so ka riƙe: kullum daga ƙasa ake zuwa wa sauti. Idan tsirkiya ta haura, kada ka sassauta ta kaɗan ka bar ta a nan. Ka sauke ta ƙasa da inda ake so, sannan ka hau da ita har allura ta tsaya a tsakiya. Dalili kuwa, a cikin kunnen akwai haƙoran giya masu ɗan wasa a tsakaninsu, kuma tsirkiyar tana ɗan maƙalewa a matashin da take kwance a kai kusa da kan jitar. Idan da sassautawa ka tsaya, bugu biyu uku za ta ƙara zamewa ƙasa. Idan ka gama duka shidan, ka sake zagayawa daga farko, domin jan kowace ɗaya yana ɗan motsa wuyan, sauran su canza.

In kuwa ka kiyaye duk wannan amma ta ci gaba da tsinkewa, ka duba inda take tsinkewar. Idan kullum wuri ɗaya ne, a bakin ramin sandar kunne ko a kan jaki, wato abin da ke riƙe gindin tsirkiya a fuskar jitar, to akwai kaifi a wurin da ke yanka ta, mai gyara zai goge shi cikin ɗan lokaci.

Tambaya: Malam, wanda ya fara koya mini ya ce dogaro da na'ura yana kashe kunne, makaɗin gaske da kunnensa yake saiti. Ni kuwa ban iya bambance sauti ba tukuna. In jefar da na'urar ne?

Amsa: Kada ka jefar, ɗan'uwa. Maganar malaminka tana da gaskiya a ciki, amma kunne ba ya koyon daidai sai ya yi ta jin daidai. Wanda ya shafe wata shida yana kaɗa jitar da ba ta saitu ba, karkataccen amon ne zai zame masa jiki. Shawarata ita ce ka haɗa biyun: ka fara gwadawa da kunne, sannan ka sa na'ura ta duba maka aikin. In da hali ma ka nemi irin wadda ake maƙalawa a kan jitar, domin ita girgizar katako take ji, hayaniyar ɗaki ba ta ruɗa ta kamar yadda take ruɗa waya.

Ga yadda ake yi da kunne. Ƙarafan nan da aka gitta a wuyan jita sun raba shi gaɓa-gaɓa, kuma daga ɓangaren kan jitar ake ƙirga su. Ka saita ta shida da na'ura. Ka danna ta a gaɓa ta biyar ka kaɗa, sautin da ya fito shi ne ya kamata ta biyar ta bayar ba tare da an danna ta ba. Haka za ka yi daga ta biyar zuwa ta huɗu, daga ta huɗu zuwa ta uku. Da ka zo ta uku sai lissafin ya canza: a gaɓa ta huɗu za ka danna ta don ka sami sautin ta biyu. Sannan ka koma gaɓa ta biyar a kan ta biyu don ka sami ta ɗaya. Wannan wurin na gaɓa ta huɗu shi ne inda kowa yake mantawa.

Abin da za ka saurara ba wuya gare shi ba idan an nuna maka. Ka kaɗa tsirkiyoyin biyu tare ka bar su suna amo. Idan sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba, za ka ji sautin yana rawa, wau-wau-wau, kamar yana numfashi. Kana matsowa daidai rawar tana raguwa, tana jan jiki, har ta tsaya cik sautin ya zama ɗaya. Ranar da ɗalibi ya fara jin wannan da kunnensa, fuskarsa takan canza, kuma ina son ganin wannan lokacin fiye da ranar da ya iya waƙarsa ta farko. Illar hanyar ita ce, ƙaramin kuskure a tsirkiya ɗaya yana bin sauran yana ƙaruwa, don haka a ƙarshe ka kaɗa ta shida da ta ɗaya tare. Dukansu E ne, girgizar siririyar ta ninka ta mai kaurin sau huɗu, ya kamata su kwanta a kan juna lafiya.

Tambaya: Na saya wa 'yata jita, uku daga cikin tsirkiyoyinta kamar na roba ne. Wani ya ce mini in cire su in sa na ƙarfe, wai sun fi ƙara kuma sun fi ƙarko. Ya kake gani?

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki yi haka, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki aikata. Abin da kika saya jita ce irin ta gargajiyar Sifaniya, wadda wani maƙeri mai suna Antonio de Torres ya daidaita siffarta a ƙarni na 19. Waɗannan da kike gani kamar roba nailan ne. Sauran ukun ma da suke sheƙi kamar ƙarfe, cikinsu zaren nailan ne, siririyar waya kawai aka naɗa a kai. A da can da hanjin dabba ake yin masu santsin, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani maƙerin jita a Amurka, Albert Augustine, tare da shahararren makaɗin nan Andrés Segovia suka fito da na nailan, da kayan kamfanin DuPont.

Matsalar nauyin ja ce. Tsirkiyoyin nailan shida idan an saita su suna jan jikin jitar da abin da ya kai kilo 40 ko ƙasa da haka kaɗan. Na ƙarfe irin waɗanda aka fi sa wa jitar katako suna kaiwa kilo 70 da 'yan kai. Jitar da aka ƙera don ƙarfe an ƙarfafa bayan fuskarta da katakai masu ƙwari, kuma akwai sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuyanta. Ta 'yarki fuskarta siririya ce, yawanci babu wannan sandar, jakinta kuma gam ne kawai ya riƙe shi. An taɓa kawo mini irinta bayan an sa mata ƙarfe na 'yan makonni. Fuskar ta kumbura a bayan jaki, wuyan ya sunkuyo, tsirkiya ta yi nisa da gaɓoɓi har yaron ba ya iya dannawa, jakin kuma ya fara ɗagowa ana iya zura takarda a ƙarƙashinsa. Mahaifin yaron da kyakkyawar niyya ya yi, amma jitar ba ta koma yadda take ba.

Ga mai koyo ma nailan alheri ne, domin ba ya cin yatsa kamar ƙarfe kafin kanta ta fito. Idan lokacin canji ya yi, ki nemi fakitin da aka rubuta na wannan irin jitar ne, mai matsakaicin ja. Ɗaure su ake yi a jikin jaki. Ana zura bakin tsirkiyar ta ramin daga ɓangaren bakin jitar, wato babban ramin da ke fuskarta, a bar jela kamar tsawon ɗan yatsa, a dawo da ita ta sama, a zagaya ta ƙarƙashin tsirkiyar, sannan a murɗa ta a jikin kanta, sau biyu ko uku ga masu santsi, sau ɗaya ya isa ga masu naɗin waya. Abin lura shi ne murɗin ƙarshe ya kwanta a bayan jakin, a gefen da ke kallon gindin jita, a nan ne yake kamawa. Ki sa ɗan kwali a kan fuskar jitar a bayan jaki lokacin da ake ɗaurewa, domin idan ƙulli ya kwance, jelar tana zane katako da tabon da ba ya gogewa. Kafin a kwance tsofaffin, ki ɗauki hoton ƙullin da waya, zai yi miki jagora.

Tambaya: Na yi ƙoƙarin canza tsirkiyoyin jitata ta ƙarfe da kaina. Duk sanda na fara ɗaurewa, sai ɗan farin turken nan da ke riƙe gindin tsirkiya ya yi tsalle ya fito. Na buga shi da guduma ma bai zauna ba. Ka koya mini aikin daga farko.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye gudumar, tana iya tsaga jakin. Turken nan ba da ƙarfi yake riƙe tsirkiya ba. A gindin kowace tsirkiyar ƙarfe akwai ɗan zobe. A cikin jitar, daidai ƙarƙashin jaki, akwai wani ɗan faifan katako mai tauri. Zoben ne yake maƙalewa a jikin wannan faifan, aikin turke kawai ya tura shi gefe ya hana shi komowa cikin rami. Abin da ke faruwa da kai shi ne zoben yana zama a ƙarƙashin tsinin turken, da ka ja sai ya turo shi waje. Maganinsa, ka ɗan lanƙwasa gindin tsirkiyar kusa da zoben kafin ka zura. Ka zura ta, ka bi ta da turken, kwarmin da ke jikinsa yana kallon bakin jitar, tsirkiyar tana cikin kwarmin. Ka ɗora babban yatsa a kan turken, ɗaya hannun yana jan tsirkiyar sama a hankali har ka ji ta cije. Idan ta cije daidai, ko turken bai shiga da ƙarfi ba ba zai motsa ba.

Yanzu daga farko. Ka shimfiɗa tawul a kan tebur, ka kwantar da jitar, ka tokare wuyanta da wani abu mai laushi. Ka tanadi filaya mai yanka waya da tsumma mai tsabta. Tunda wannan ne karonka na farko, ɗaya bayan ɗaya za ka canza, don sauran su zame maka abin koyi idan ka manta ta wane gefe ake naɗi. Cire su gaba ɗaya na ɗan lokaci ba ya cutar da jitar katako, ni ma ina yin haka idan zan goge wuya, sai dai farin ƙashin da ke kan jaki yana iya faɗowa a mayar da shi a juye. Masu jitar lantarki mai jakin da ke lilo a kan sifirin kuwa, su kam ɗaya bayan ɗaya ya fi musu.

Ka sassauta tsohuwar har ta saki sarai kafin ka cire. Kada ka taɓa yanke tsirkiya tana a ɗaure, tana iya zaburowa ido. Idan turke ya ƙi fita, ka tura tsirkiyar ciki kaɗan don zoben ya sake shi, ko ka zura hannu ta bakin jitar ka turo shi daga ciki da wani abu mai tauri.

Bayan ka kafa gindin sabuwar, ka kai ta kan jitar, ka kwantar da ita a tsagarta a kan matashi, ka zura ta ramin sandar kunne. Ka ja ta miƙe, sannan ka mayar da ita baya kamar faɗin yatsu uku, wannan rarar ita ce za ta zama naɗi. Ka lanƙwasa abin da ya fito ta ɗaya gefen ramin, ka fara murɗawa, ɗaya hannun yana riƙe da tsirkiyar a miƙe don naɗin ya yi tsaf. Abu biyu za ka sa wa ido. Idan kunnuwanka uku-uku ne a kowane gefe, tsirkiya ta cikin tsakiyar kai take bi ta hau sanda, ba ta waje ba. Sannan kowane zagaye ya sauka ƙarƙashin wanda ya gabace shi, kada su hau kan juna. Masu kauri zagaye biyu zuwa uku ya ishe su, sirara huɗu ko biyar, domin santsi gare su. Na sha ganin mai koyo ya naɗe duk tsawon tsirkiyar a kan sanda don yana jin asarar yankewa. Wannan tulin naɗin shi ne zai yi ta zamewa yana sauke maka saiti har tsawon makonni.

Idan ta kusa kai sautinta, ka kawar da fuskarka gefe kana murɗawa. Sai ka yanke rarar kusa da sanda, domin tsinin nan yana huda yatsa kamar allura, kuma yara suna kai hannu wurin. Tsofaffin ka naɗe su zobe kafin ka zubar.

Game da kauri, lambar farko da ke jikin fakiti kaurin siririyar ce, ta biyu kuma na mai kaurin, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Wanda aka rubuta 12 zuwa 53 shi ne aka fi sa wa jitar katako. Idan yatsunka suna shan wahala, ka sauka zuwa mai farawa da 11 ko 10, amon zai ɗan ragu amma za ka fi daɗewa kana kiɗa, kuma wannan ya fi muhimmanci a shekarar farko. Masu jitar lantarki da 9 ko 10 suka fi farawa, kuma nasu dabam ne, domin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ba ya jin tagullar da ake naɗa wa na jitar katako yadda ya kamata.

Tambaya: Na sa sababbin tsirkiyoyi jiya. Ina saitawa, minti biyar sun sauka. An sayar mini da marasa kyau ne? Kuma wata nawa ya kamata su yi? Na ji ana cewa idan an dafa tsofaffi a ruwan zafi suna komawa sababbi.

Amsa: Ba lallai ne marasa kyau ba, ƙanwata, halin sabuwar tsirkiya ke nan. Naɗin yana ƙara zama a kan sanda, zoben yana ƙara cijewa, ita kanta tana ɗan miƙewa. Ki taimaka mata: ki saita, ki sa yatsu a ƙarƙashinta wajen tsakiyar wuya, ki ɗaga ta sama kaɗan a hankali, a wurare biyu ko uku. Za ki ji ta sauka. Ki sake saitawa, ki sake ja, har ki kai inda ja ba ya sauke ta. Ƙarfe yakan zauna cikin yini ɗaya ko biyu. Nailan kuwa sai an yi haƙuri, yana iya ɗaukar mako. Idan kina murɗa kunne kika ji wani ƙas sannan sauti ya yi tsalle, tsirkiyar tana maƙalewa ne a tsagar matashi, ki goga bakin fensir a cikin tsagar, baƙin nan yana sa santsi. Ko bayan sun zauna, duk sanda kika ɗauki jita ki saita ta kafin ki fara. Zafi yana sassauta tsirkiya, sanyi yana ɗaure ta, katako kuma yana kumbura da laima yana tsukewa da bushewa. Kada ki bar ta a rana ko a cikin mota a rufe, zafin yana iya narkar da gam ɗin da ya haɗa ta.

Batun wata nawa, ya danganta da hannu. Akwai mai gumin da ke sa tsatsa cikin sati biyu, akwai wanda nasa suke wata huɗu suna sheƙi. Ga mai kiɗa kullum, wata biyu zuwa uku ma'auni ne mai kyau. Amma tsirkiyar da kanta tana faɗa: launinta ya dushe, amonta ya mutu, idan kika shafa ƙarƙashinta kin ji kaushi ko ɗan lotsawa a inda take haɗuwa da ƙarafan gaɓa. Wanke hannu kafin kiɗa da goge su da busasshen tsumma bayan an gama, sama da ƙasa, yana ƙara musu kwana sosai. Akwai kuma masu siririn rufi da ke hana datti shiga, irin masu tambarin Elixir da suka fito a 1997, suna daɗewa ga mai yawan gumi. Dafawa kuwa tana fitar da datti, amon ya ɗan farfaɗo na kwanaki, amma ƙarfen da ya gaji ya gaji, kuma ya fi saurin tsinkewa idan an mayar. Ban ba ki shawarar yi ba.

Tambaya: Na'ura tana nuna mini kore a duka shidan, amma da na haɗa yatsu na kaɗa su tare sai in ji abin bai yi daɗi ba. Na'urar ce ta lalace?

Amsa: Da wuya, Malam. Na'urar ta auna tsirkiya ne a sake, kai kuma a danne kake kaɗa ta. Ka fara da hannunka. Mai koyo yakan danna da dukkan ƙarfinsa, kuma matsa tsirkiya da yawa, ko tura ta gefe ba da sani ba, yana ƙara mata ɗauri sautin ya haura. Ka gwada da na'urar a kunne: danna ta uku a gaɓa ta biyu a hankali, sannan ka matsa da ƙarfi, za ka ga allurar ta tafi. Ka ɗora yatsa dab da bayan ƙarfen gaɓa, da ƙarfin da zai hana ta zuza kawai.

Idan hannu ba shi da laifi, ka yi wannan gwajin. Gaɓa ta 12 ita ce tsakiyar tsirkiya. Idan ka danna a nan, harafin da na'ura ta nuna a sake shi za ta sake nunawa, allura a tsakiya. Idan ta kauce, ka fara zargin tsufan tsirkiya, domin wadda datti da tsatsa suka cinye ba ta girgiza daidai, ka canza ka sake gwadawa. Idan da sababbi ma haka ne, to tsawon tsirkiyar ne ke son gyara. A jitar lantarki kowace tsirkiya tana da ɗan sirdinta a kan jaki mai sukurun matsarwa: idan sautin gaɓa ta 12 ya haura, ka ja sirdin baya nesa da wuya, idan ya yi ƙasa ka matso da shi gaba, kana sake saiti bayan kowane juyi. A jitar katako babu wannan sukurun, sai an sassaƙa ƙashin da ke kan jaki ko an rage tsawon matashi, kuma wannan aikin mai gyara ne. Idan za ka kai masa, ka tafi da sabon fakiti irin kaurin da kake son ci gaba da amfani da shi, domin a kansa zai yi maka awon.